Labarin Makon Wasanni Na Ƙasar Indonesiya

Alhazan da suka sauke farali, da wuya a sami wanda bai gamu da mutanen nan da a ke kira Jawa ba, masu tafiya ayari-ayari cikin natsuwa a Makka da Madina. To, Jawa sunan tsibiri guda ne kurum daga cikin tsibiran ƙasarsu, watau Indonesiya. Tana can gabas da ƙasar Hindu, cikin teku. Tsibiranta sun fi 17,000, daga gefenta na yamma zuwa na gabas kuwa ya fi mil 3,000. Harsunan mutanenta ɗaruruwa ne. Mutumin wannan gefe ya kan rayu har ya tsufa bai taɓa sa mutumin wancan gefe a ido ba.

A wannan ƙasa akwai wata al'ada. Bayan kowace shekara huɗu lardunanta duka su kan zaɓi samarinsu da 'yan matansu waɗanda suka fi gwaninta a wasanni, su aika da su wuri guda a yi gasa. Da bakinsu suna kiran taron Pekan Olahraga Nasional, ma'anarsa makon wasanni na ƙasa. Wanda ya ji haka sai ya ce ai zancen guje-guje da tsalle-tsalle ne. Amma a ƙasar da ke warwatse bisa ruwa kamar wannan, tun kafin a tambayi wa zai ci, akwai wata tambaya da ta fi ta nauyi: gidan wa za a yi?

Asalin abin cikin yaƙi aka haife shi. Turawan Holanda sun daɗe suna mulkin tsibiran nan, har Japan ta kore su a 1942. Da Japan ta sha kashi, sai shugabannin 'yan ƙasa biyu, Sukarno da Hatta, suka yi shelar mulkin kai ran 17 ga Agusta, 1945. Holanda ta ce ba ta san zancen ba, ta komo da soja. Jakarta, babban birni, ya gagari sabuwar gwamnati zama, saboda haka a farkon 1946 ta ƙaura zuwa Yogyakarta a tsakiyar Jawa, inda Sarkin garin, Hamengkubuwono na tara, ya buɗe mata ƙofa. A 1947 Holanda ta kai babban hari ta kame wurare masu yawa. A Janairu 1948 aka yi wani sulhu a cikin wani jirgin ruwan Amurka mai suna Renville, sulhun da ya bar wa gwamnatin 'yan ƙasa ɗan yanki a Jawa da mafi yawan tsibirin Sumatra. Jiragen yaƙin Holanda suka tsare teku, ba shiga ba fita. Tufafi da magani suka yi wuya. Dubban sojojin 'yan ƙasa da ke yammacin Jawa aka tilasta musu barin ƙasarsu su koma tsakiya, su da kansu suka kira wannan tafiya hijira.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa za a yi wasannin duniya, waɗanda a ke kira Olimfik, a Landan cikin damina ta 1948. Mutanen Indonesiya suka sa rai. Tun 1946 sun riga sun kafa ƙungiyar wasanni ta ƙasa a birnin Solo, da kwamitin Olimfik wanda Sarkin Yogyakarta ke shugabanta. Sun gane cewa in samarinsu suka shiga fili a Landan bayan tutarsu ja da fari, duniya ta shaida ke nan akwai ƙasa mai wannan suna. Amma aka ce ba a riga an rubuta ƙungiyarsu cikin ƙungiyoyin Olimfik ba, Ingila kuma ba ta yarda da fasfonsu ba. In suna so su zo, ko da kallo ne, sai su zo da fasfon Holanda. Suka ce a kai kasuwa. Gama wanda ya karɓi takardar tafiya daga hannun Holanda ya sa hannu ke nan cewa shi talakan Holanda ne, alhali kuwa a kan wannan magana a ke zub da jini.

Da ƙofar Landan ta rufe, sai shugabannin wasanni suka taru a Solo a farkon watan Mayu, suka yanke shawara su yi nasu a gida. Zaɓen Solo bai ba su wahala ba, don kusan babu wani wurin. A can ne ƙungiyar ke zaune, a can kuma akwai filin da ya fi kowane kyau cikin abin da ya rage a hannun 'yan ƙasa, sunansa Sriwedari. Sarkin Solo na dā, Pakubuwono na goma, shi ya gina shi wajen 1932 don 'yan ƙasa su sami filin tamaula na kansu, har da fitilun lantarki na wasan dare. Ga kuma kududdufin iyo. Abin da suka samu a hannu da shi suka yi, ba su gina kome sabo ba, ba su kuwa da abin ginawa.

Aka ɗauko tutar wasannin daga gidan gwamnati a Yogyakarta, samari suna miƙa wa juna a ƙafa har Solo, tafiyar wajen mil 40. Ran 9 ga Satumba, 1948, Shugaba Sukarno ya buɗe wasanni. Cikin manyan baƙi akwai Janar Sudirman, shugaban sojan 'yan ƙasa, da wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya waɗanda aka aiko don sasanta rikicin. Waɗannan wakilai su ne 'yan kallon da aka fi bukata. Holanda tana gaya wa duniya cewa abin da a ke kira gwamnatin Indonesiya taron 'yan tawaye ne da ba su iya riƙe ko da gari guda cikin tsari ba. To, gani ya kori ji.

'Yan wasa wajen 600 suka zo, cikin ƙungiya 13. A wannan karo ba manyan larduna suka aiko ba, sai yankunan da a zamanin Holanda kowanne ke ƙarƙashin Razdan guda, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa zamanin Turawa. Dukansu na Jawa ne, don tsaron teku ya hana na sauran tsibirai ƙetarowa. Amma ga wani abin lura. Cikin sunayen da aka kira a fili akwai Jakarta, da Bandung, da Semarang, da Surabaya, birane huɗu waɗanda a ran nan tutar Holanda ke tashi a kansu. Kiran sunayensu a Sriwedari magana ce cikakkiya ga mai hankali.

Wasa iri tara aka yi. Akwai guje-guje da tsalle-tsalle, da tamaula, da iyo, da tanis, da harbin baka, da ƙwallon kwando iri biyu, ɗaya irin na Amurka, ɗaya irin na Holanda wanda maza da mata ke yi tare. Akwai badmintan, watau wasan da a ke buga wani ɗan abu mai gashin tsuntsu ta bisa raga, wanda daga baya ya zama abin da aka san Indonesiya da shi a duniya. Akwai kuma silat, wasan faɗa na kakanninsu, wanda ya ke a wurinsu kamar yadda dambe da kokawa su ke a wurin Hausawa. Kwana huɗu ana yi. Ran 12 ga wata Sarkin Yogyakarta ya rufe taro. Masu gida suka zo na ɗaya, Yogyakarta na biyu, Kediri na uku.

Baƙi ba su gama naɗe tabarma ba gari ya yamutse. Dā ma akwai jiƙaƙƙiya tsakanin sojojin da suka yi hijira daga yamma da na Solo, sai ga shi washegarin rufewa sun soma harbin juna cikin birni. Ran 18 ga Satumba 'yan Kwaminis suka yi tawaye a Madiun, garin da mako guda kafin nan samarinsa ke cikin fili suna gasa. Gwamnati ta murƙushe su da zub da jini mai yawa. Ran 19 ga Disamba sojojin Holanda suka sauka a Yogyakarta daga jiragen sama, suka kama Sukarno da Hatta. Duk wanda ya dubi al'amarin a lokacin sai ya ce kwana huɗun nan na Solo mafarki ne. Amma duniya ta juya wa Holanda baya, 'yan ƙasa kuma suka ci gaba da yaƙin sari-ka-noƙe, har ran 27 ga Disamba, 1949, Holanda ta saki mulki. A 1952 Indonesiya ta aika da mutum uku Olimfik a Helsinki, birnin ƙasar Finlan, da fasfonta da tutarta. Har yau ranar 9 ga Satumba ita ce ranar wasanni ta ƙasa a can.

Karo na biyu a Jakarta aka yi, a 1951, a nan ne larduna sosai suka soma karawa da juna, har da na ƙetaren ruwa. Daga nan shugabanni suka ga ya kamata a fitar da wasannin daga Jawa. Dalilinsu a fili ya ke. Fiye da rabin mutanen ƙasar a Jawa su ke, ga gwamnati a can, alhali roba da man fetur da kwakwa, waɗanda ke kawo kuɗi, galibi daga sauran tsibirai su ke fitowa. Mutanen can sun soma gunaguni, suna cewa an sauke Holanda an ɗora musu Jawa. Kai wa mutum taron ƙasa har ƙofar gidansa wata hanya ce ta gaya masa ana yi da shi.

Saboda haka a Satumba 1953 aka tafi Medan a arewacin Sumatra, aka gina sabon fili mai suna Teladan. Amma lardin da ya karɓi baƙi yana da ciwo a cikinsa. A ƙarshen tsibirin akwai ƙasar Aceh, ta Musulmi masu tsananin riƙon addini, waɗanda suka yi shekaru da yawa suna yaƙi da Holanda, suka kuma taimaki gwamnatin 'yan ƙasa da dukiyarsu lokacin tsanani. Sakayyar da suka samu ita ce aka soke lardinsu aka haɗe su da Sumatra ta Arewa, a ke mulkinsu daga Medan. A makon da manya suka taru a Medan suna kallon wasa, a makon nan ne malaminsu Daud Beureueh ya ɗaga tutar tawaye. Sai a 1962 ya ajiye makami, bayan an mayar wa Aceh lardinta. A 1957 kuma aka tafi Makasar a tsibirin Sulawesi, 'yan watanni bayan hafsoshin soja na can sun yi shelar ƙin bin Jakarta, ga kuma waɗansu 'yan tawayen cikin dazuzzukan lardin. Duk da haka aka gina fili, jiragen ruwa suka kawo 'yan wasa, aka yi aka tashi. Na 1961 a Bandung aka yi. Na 1965 kuwa ba a yi ba sam, don ana dab da farawa aka kashe manyan janar-janar shida cikin dare guda, abin da ya jawo kisan dubban ɗaruruwan mutane da faɗuwar Sukarno.

Janar Suharto ya hau. Bayan karo guda a Surabaya a 1969, sai wasannin suka yi zaman dirshan a Jakarta, sau bakwai a jere, daga 1973 har 1996. Hujjar ba ta banza ba ce. Tun 1962 an gina wata unguwa guda ta wasanni a Jakarta, mai suna Senayan, da rancen Rasha, don wasannin ƙasashen Asiya, babban filinta a lokacin yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Me zai sa a kashe kuɗi a gina wani a wani wuri? Baitulmali ya huta, gaskiya ne. Amma shekara ashirin da 'yan kai yaron Sulawesi ko na Kalimantan bai ga gwanayen ƙasarsa da idonsa ba, lardinsa kuma bai sami dalilin gina ko da kududdufin iyo ba. A duk waɗannan shekaru Jakarta ce ke zuwa na ɗaya. Wasannin da aka ƙago don a nuna ƙasar ta kowa ce suka koma suna nuna inda iko ya ke.

Da Suharto ya sauka a 1998, aka yi dokokin da suka ba larduna iko da kuɗi a hannunsu, sai wasannin suka sake ɗaukar sanda. Yanzu lardin da ke so shi ke nema. Rassan kwamitin wasanni na larduna su kan taru su jefa ƙuri'a tun da sauran wajen shekara shida, gwamnatin tsakiya ta tabbatar, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sa'an nan a raba nauyi tsakanin baitulmalin ƙasa da na lardi. Nauyin kuwa ba kaɗan ba ne. Ban da filaye, sai an yi masauki da abinci da motoci na dubban mutane, a gyara hanyoyi da filin jirgin sama. Gwamnoni suna son abin ƙwarai, don aikin da lardi zai yi shekara ashirin yana roƙo bai samu ba, albarkacin baƙi sai ya samu cikin biyar.

Akwai waɗanda suka ci riba. Palembang a kudancin Sumatra ta karɓi na 2004, ta gina unguwar wasanni mai suna Jakabaring a wurin da dā fadama ce. Ba ta bar ginin ya kwanta ba. A can aka yi wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 2011, da na ƙasashen Musulmi a 2013, da wani sashe na wasannin Asiya duka a 2018.

Akwai kuma waɗanda suka ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu. Lardin Kalimantan ta Gabas, mai arzikin gawayin ƙasa da mai, ya gina ƙaton fili a Palaran, nesa da tsakiyar birnin Samarinda, don wasannin 2008. Baƙo raɓa ne. Da taro ya watse aka rasa mai cika kujerun, aka rasa kuɗin gyara, ciyawa da tsatsa suka yi shekaru suna cin rabonsu. Na lardin Riau a 2012 ya fi muni. Tun ba a fara ba hukumar yaƙi da cin hanci ta kama waɗansu 'yan majalisar lardin da kuɗin da aka ba su don su yarda a ƙara kuɗin ginin filaye. Bincike ya bi sawu har kan Gwamna Rusli Zainal, wanda a 2014 kotu ta ɗaure shekara 14 saboda wannan da kuma wani laifin na ba da izinin saran daji. Babban filin Riau shi ma ya daɗe a yashe, ana jayayya kan bashin 'yan kwangila.

Wata cuta kuma ta shiga gasar kanta. Mai gida ba ya so a kunyata shi gaban jama'arsa, saboda haka larduna masu kuɗi suka shiga zawarcin gwanayen waɗansu larduna, a ba mutum aiki da lada mai tsoka, ya sake takardar zama, gobe a gan shi da rigar lardin da bai san hanyoyinsa ba. An yi dokoki don rage abin, amma kukansa bai ƙare ba. Mai horon da ya yi shekara goma yana renon yaro a ƙaramin lardi shi ya san zafinsa.

A 2021 aka kai wasannin wurin da ya fi ko'ina nisa da kuma wuyar sha'ani, watau Papua, a ƙarshen gabas. Holanda ba ta saki wannan yanki ba sai 1962, an kuma haɗe shi da Indonesiya a 1969 da yardar mutum dubu da 'yan kai waɗanda aka zaɓo, abin da Papuawa da yawa ba su amince da shi ba har yanzu, akwai ma masu ɗauke da makamai cikin duwatsu. Annobar korona ta sa aka ɗaga wasannin daga 2020 zuwa Oktoba 2021. Aka raba su wuri huɗu, waɗansu sai da jirgin sama a ke zuwa daga ɗaya zuwa ɗaya, soja da 'yan sanda suna tsaro. Aka gina fili mai ɗaukar mutum 40,000 kusa da Jayapura, aka sa masa sunan gwamnan da ke kan mulki, Lukas Enembe. Wasanni suka tafi lafiya, Papua ta zo na huɗu, mutanen gari suka yi murna ta gaske. Shekara biyu bayan haka kotu ta ɗaure gwamnan saboda karɓar hanci a ayyukan lardi, ya rasu a Disamba 2023.

Aceh fa, wadda ta yi tawaye ranar bikin Medan? Ta sake shiga wani yaƙin na neman ɓallewa daga 1976. Sai da teku ta yi ambaliya ran 26 ga Disamba, 2004, ta ci mutum fiye da 160,000 a lardin, sa'an nan ɓangarorin biyu suka zauna suka yi sulhu a Agusta 2005, a Helsinki, birnin nan da Indonesiya ta fara ɗaga tutarta a Olimfik. A 2024 aka ba larduna biyu baƙunci tare, karo na farko a tarihin wasannin, su ne kuwa Aceh da Sumatra ta Arewa, a matsayin tsara da tsara. Shugaba Joko Widodo ya buɗe a birnin Banda Aceh ran 9 ga Satumba, shekara 76 cif bayan Solo. 'Yan wasa wajen 13,000 suka zo daga larduna 38, wasa iri 65.

Ba a rasa abin kunya ba. Waɗansu filaye ba a gama su ba har baƙi suka iso, aka ga 'yan wasa suna ratsa taɓo kafin su kai wurin gasa, aka yi kukan abinci, rufin wurin harbin bindiga ya rufta da aka yi ruwa mai ƙarfi. A wasan tamaula tsakanin Aceh da Sulawesi ta Tsakiya, wani ɗan wasa ya naushi alƙalin wasa har ya faɗi, bayan hukunce-hukuncen da baƙi suka ga an yi don a taimaki masu gida. Jawa ta Yamma ta zo na ɗaya, karo na uku a jere. Ran 20 ga Satumba aka rufe a sabon fili kusa da Medan, aka sauke tuta aka miƙa ta ga larduna biyu na ƙananan tsibiran da ke gabas da Bali, Nusa Tenggara ta Yamma da ta Gabas, waɗanda aka ɗora wa wasannin 2028. Ta Gabas ɗin tana cikin lardunan da suka fi talauci a ƙasar duka.